Wandon Malam da Na Rataya a Kan Dutse

Assalamu alaikum warahmatullah. Hajiya mai kula da wannan fili, ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyali, Allah ya ƙara miki lafiya da haƙurin sauraron matsalolin mutane. Masu karatu, ku ma ina gaishe ku da fatan alheri. Ban sa sunana ba, kuma sunan da zan kira abokina da shi ma ba nasa ba ne. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san farkon labarin abin dariya ne, ni ma da wani ne ya ba ni shi da na dara, amma a gidan da abin ya faɗa wa an daɗe ba a yi dariya ba.

Ni tela ne a cikin birnin Katsina, shagona yana wajen Ƙofar Guga. A unguwarmu akwai wani dattijo, Malam kawai zan kira shi, shi ne limamin masallacinmu, kuma a zaurensa na yi karatun littattafai. Shi ya tsaya mini wajen aure, matata ma 'yar ƙanwarsa ce. Malam ya yi hatsarin mota tun yana saurayi, ƙafarsa ta hagu ta gajarce, yana ɗingishi. Kowa ya sani, amma ba mai furtawa, domin ba abin da ya tsana kamar a kalli ƙafar nan. Kullum rigarsa har ƙasa take ja. Ranar da ya fara ba ni ɗinki ma sai da ya sallami ɗalibai, ya tura ƙyauren zaure, sannan ya miƙo mini ƙafar na auna, yana kallon bango. Tun daga nan duk wandonsa ni nake ɗinkawa, ƙafa ɗaya doguwa, ɗaya gajera, kuma bai taɓa yarda a shanya su a tsakar gida ba, sai a cikin ɗaki.

Malam yana da ɗa namiji guda, bari in ce masa Kabiru. Tare muka tashi, amma halinmu ya sha bamban. Ni matsoraci ne mai lissafin sisi, shi kuwa bakinsa ba ya shiru, ga barkwanci, ga iya kwaikwayon maganar mutane da tafiyarsu. Yana yaro ya taɓa kwaikwayon tafiyar babansa a gaban yara, ya sha dukan da har yau ake tunawa a unguwa. Da aka buɗe siyasa sai ya shige yawon kamfe da samari, Malam bai so ba, suna yawan samun saɓani. Amma Allah ya sani, Kabiru yana son ubansa. Shi yake ɗaukarsa a mashin duk Juma'a, ya kuma san inda zai tsaya don Malam ya sauka ba tare da an ga yana fama da ƙafar ba.

In ka fita ta Ƙofar 'Yandaka ka miƙe hanya ka yi nisa da gari, akwai wani dutse da samarin birni suke hawa washegarin Babbar Sallah tun zamanin iyayenmu. A can ƙololuwa akwai tsohon gamji da ya tsiro a tsagar dutse. Al'adar ita ce duk wanda ya hau karon farko, wato baƙon dutse, sai ya tuɓe wandonsa ya rataya a gamjin nan, ya sauko daga shi sai riga da gajeren wando, sauran suna binsa da tafi da waƙar tsokana. Wauta ce ta ƙuruciya, ba bori ba, ba tsafi ba. Lokacin soja an daina, saboda sun kafa wani ƙarfen sadarwa kusa da wurin, duk wanda suka kama sai ya yi tsallen kwaɗo har ya kasa tashi. Da aka miƙa mulki ga farar hula, sojojin suka kwashe kayansu, sai samari suka ce ai yanzu kowa da 'yancinsa, har na tuɓe wando. Kabiru ne kan gaba wajen farfaɗo da abin, ya kuma matsa mini lamba cewa ba zan tsufa a bayan keken ɗinki ban taɓa ganin duniya daga sama ba.

Na yarda zan je, amma sai na tsaya lissafi. Wandon Sallata sabo ne fil, shadda ce mai tsada, in je in bar wa itace? Sai idona ya faɗa kan wani tsohon wandon Malam mai ruwan toka, wanda ya aiko in gyara masa ƙugu tare da ɗinkin Sallarsa. Sababbin kayan na gama, Kabiru ya zo ya karɓa a leda ranar jajiberi, shi kuwa tsohon ban samu na taɓa shi ba, yana nan cikin tarin kaya. Duk telan da ya ce muku bai taɓa zura kayan mai ɗinki ba, ku bar shi da Allah. Na ce a raina ai ya tsufa, ina da ragowar yadi mai kama da shi, in na dawo sai in ɗinka masa sabo, ya ma ji daɗi. Na zura shi, na naɗe ƙafafun zuwa gwiwa kamar mai shirin hawa, na saki doguwar riga a kai, na cusa nawa a 'yar jaka. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin cewa a duk unguwar nan mutum ɗaya ne yake sa irin wandon nan ba. Ina hankalina ya tafi? Wallahi har yau ban sani ba.

Mu biyu muka tafi daga unguwarmu a mashin ɗin Kabiru, sauran samarin Ƙofar Marusa ne da wasu unguwanni, ba su san ni ba. Na hau da ƙyar, ana yi mini dariya. A sama aka tara mu baƙin dutse, kowa ya tuɓe ya jefa nasa kan reshe, ni ma na dunƙule na Malam na cilla, ya maƙale. Aka yi ihu, aka juya wa gari baya aka kaɗa riguna, aka kama saukowa. Zan faɗi gaskiya, a lokacin na ji daɗi ƙwarai. Da muka zo rabin hanya sai kunya ta kama ni, na ja baya, na laɓe bayan wani ƙaton dutse don in sa wandona. Ina cikin ɗaure zariya na ji hayaniya daga ƙasa. Ashe mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen sun kai ƙara cewa samarin birni suna saukowa tsirara a kan hanyar da matansu suke bi zuwa rijiya, 'yan sanda kuma sun zo sun yi kwanton ɓauna. Daga inda nake ina hango Kabiru ya tsaya yana musu da su, yana ɗaga hannu, na san cewa yake yi ai yanzu ba mulkin soja ba ne. Aka tura shi mota tare da sauran. Ni kuwa na bi hanyar awaki ta bayan dutse, na fita titi, na tari motar itace ta kawo ni gari.

A caji ofis aka ci su tara gaba ɗaya, aka ce laifin rashin ɗa'a ne a bainar jama'a. Da a nan abin ya tsaya, da yanzu labarin hira ne. Amma sai babban ɗan sandan wurin ya sa aka hau aka sauke wandunan gamjin duka, aka ja igiya a gaban ofis aka jera su, wai kowa ya zo ya ɗauki nasa ya biya tara, ya zama darasi. Ƙanin Malam, wani Alhaji ɗan kasuwa, shi ya je karɓo Kabiru tare da wasu dattawan unguwa. Suna isa suka tarar wani kurtu ya ɗaga wando mai ruwan toka da sanda, ƙafa ɗaya tana lilo, ɗaya ta tsaya a hanya, yana tambayar jama'a ko gurgu ma ya hau dutse bana, mutane suna ta ƙyaƙyata dariya. Alhaji ya biya tarar wandon ya naɗe shi a hammata, amma dattawan sun riga sun gani. Kafin la'asar maganar ta zagaye unguwa: ɗan Malam ya kai wandon ubansa dutse ya rataya don a yi dariyar ƙafarsa. Wa zai yi musu? Ba shi ne mai kwaikwayon tafiyar mutane ba?

Washegari Malam ya aiko kirana. Na tarar da shi a zaure, wandon yana ajiye a gabansa kan buzu, Alhaji a gefe, Kabiru a durƙushe idonsa ja. Na gaishe su ina kauce wa idon Kabiru, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Malam bai ɗago ba ya ce, "Wanga yaro ya ce kai ka sa wandon nan ka hau dutse. Hwaɗa mani, da ka ba shi kayan Sallata, tsohon yana ciki ko ba ya ciki?"

Hajiya, a nan ne Allah ya ba ni dama, na sa ƙafa na shure ta. Na kalli Alhaji, na tuna matata, na tuna shagona da dattawan da suke kawo mini ɗinki don Malam ya yaba da ni. Sai na ji bakina yana cewa, "Yana ciki, Malam. Na gyara shi na haɗa da sababbin."

Kabiru ya ɗago ya ce, "Kai ba kai na ga ka cilla wando mai ruwan toka ba? Ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Ni da ko soro ba na iya hawa? A gindin dutse na tsaya ina gadin mashin, da na hango 'yan sanda na gudu."

Alhaji ya ce a ɗauko Alƙur'ani in rantse. Na yi imani da an ɗauko da na fasa ƙwai, domin rashin kunyata ba ta kai nan ba. Amma Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Ba sai ya rantse ba. Na san shi, na kuma san nawa." Sannan ya juya ga ɗansa, a hankali, ba faɗa ba zagi, ya ce, "Ka tona mani asiri a gaban arna da Musulmi, bai ishe ka ba sai ka ɗora wa bawan Allah ƙazafi. Tashi ka tahi. Kada ka sake taka zauren nan." Kabiru ya tashi, ya wuce ta gefena, ya sa takalminsa ya fita.

Tun daga ranar Malam bai sake jan salla ba. Ya ce ba zai iya tafiya zuwa gaban sahu mutane suna kallon ƙafarsa ba, ya sa na'ibi ya ci gaba. Mutumin da ba ya fashin masallaci ko ana ruwa ya koma salla a ɗaki. Karatun zaure ya tsaya. Kafin damina ta kama hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Kabiru kuwa ya tafi wajen Jibiya yana ɗaukar fasinja a mashin, yana kwana a tasha. Da ya ji ubansa ya faɗi ya zo a guje, Malam ya ce in ya shigo ɗakin bai yafe wa wanda ya buɗe masa ƙofa ba. Ya wuni a ƙofar gida a zaune kan dakali, mahaifiyarsa tana leƙo shi ta soro tana kuka, da magariba ya tashi. Ni kuma ina ciki, ni nake tallafar Malam in zaunar da shi, ni nake ɗaukarsa zuwa asibiti, ana ta sa mini albarka. Kun taɓa jin ana sa muku albarka kuna ji kamar ana watsa muku ruwan zafi?

Ranar nan kafin ya koma, Kabiru ya biyo ta shagona. Ya rame, barkwancin nan duk ya tafi. Na yi tsammanin zai shaƙe ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki ya ce, "Ni ban zo faɗa ba. Na san tsoro ka ji, ni na ja ka zuwa dutsen, ina da nawa laifin. Ba na son a kore ka daga unguwa, ba na son aurenka shi mutu. Ka shiga kai da shi ku biyu, ba sai kowa ya ji ba, ka hwaɗa mashi. Mutanen gari su ci gaba da zagina, ban damu ba. Shi kaɗai nake so shi sani." Na sunkuyar da kai ina juya almakashi, na ce masa in sha Allahu zan san yadda zan yi. Ya ce, "Ka yi sauri, ka ga yadda jikinshi yake." Wata nawa ke nan, ban yi ba.

Ba wai ban gwada ba. Mahaifiyar Kabiru, wadda muke kira Inna, ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, kai kaɗai Malam ke jin maganarka yanzu. Don Allah ka roƙar wa ɗan'uwanka gafara, ka manta abin da ya yi maka." Ni ake roƙo in yafe wa Kabiru. Na shiga ɗakin da niyyar in faɗi komai, na durƙusa, na fara da cewa, "Malam, maganar Kabiru ce, akwai abin da ba ka sani ba." Sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye, ya ce wa Inna da ta biyo ni ɗakin, "Kin gani? Wanda ya yi wa ƙazafi shi ke roƙa mashi. Da wanga Allah ya ba ni." Na zare hannuna ban ƙarasa maganar ba. Na fito na tsaya a soro ina kuka, Inna tana ba ni haƙuri.

Yanzu ga inda nake. Likita ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali, wata faɗuwar in ta zo ba lallai ya tashi ba. In na faɗa masa cewa wanda ya rufe ƙofa ya miƙa wa ƙafarsa shi ne ya rataya wandonsa a itace, kuma shi Malam a kan ƙarya ya kori ɗansa, zuciyarsa za ta ɗauka? In ya mutu a gabana saboda maganar, me zan ce wa Allah? Amma kuma ina tsoron kada wannan ya zama wata sabuwar mafaka da na samo wa kaina, domin na san halina, ba na rasa dalilin yin shiru. Ina tsoron matata, wadda take cewa ba ta san Kabiru mugu ba ne sai yanzu. Ina tsoron Alhaji. Ina tsoron ranar da zan buɗe shago ba wanda ya kawo ko ɗinkin zariya. Ba na iya cin abinci sosai, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa bakin roƙo. Na sha zuwa wajen wani malami a wata unguwa don in tambaya, in na isa ƙofar sai in ga kamar ya san fuskata, in juyo.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne abin da ya faru Juma'ar da ta wuce. Jikin Malam ya ƙara tsananta, ya sa aka kira Alhaji da ni. Da ƙyar ake jin abin da yake faɗa, sai da na kai kunnena kusa da bakinsa, ni nake maimaita wa Alhaji. Ya ce in ya cika, ni da Alhaji za mu yi masa wanka, don ni kaɗai ne bare da na taɓa ganin ƙafarsa ban kuma ci amanarsa ba. Sannan ya ce kada a bar Kabiru ya shiga wurin wankan, kada ya kama makara, kada ya sauka kabari. Ya ce in yi masa alkawari ni zan tsare ƙofa in hana shi. Da bakina na maimaita wa Alhaji wannan wasiyya, kalma bayan kalma, kuma da Malam ya matsa hannuna yana jiran amsa, na ce to.

Hajiya, masu karatu, na san ban cancanci tausayi ba, ba shi na zo nema ba. Dattijon nan yana gab da tafiya da fushin ɗansa a kan laifin da ni na yi, ɗan kuma yana tasha yana jiran in buɗe baki. In na yi magana ina tsoron in kashe uban. In na yi shiru, ranar da aka fito da makara Kabiru zai zo, kuma ni zai tarar a bakin ƙofa. Don girman Allah ku ba ni shawara tun Malam yana iya ji. Me zan yi?